Alawayyon da Baba Ishaku Ya Rina

Waɗanda suka san babbar kasuwar Garwa a ƙarshen zamanin Ahidjo, wataƙila za su tuna wata doguwar mata mai sayar da gyaɗa da busasshiyar yakuwa, can kusa da rumfar mahauta. Hausawan kasuwa suna kiranta Lanti, amma sunan da aka raɗa mata a coci Léontine ne. Ba ta da yawan magana. In ciniki ya yi sanyi, sai ta baje gyaɗa a faifai, ta riƙa jan yatsa a ciki tana yin layuka da ɗige-ɗige, da mai saye ya tsaya kuma ta shafe da tafin hannu ta ɗauki mudu. Mahauta sukan ce Lanti tana duba ne. Ita dai murmushi take yi, ba ta gyara musu.

A kan dutse aka haife ta, arewa da gari, cikin mutanen Fali. Abin da ta fi tunawa a yarintarta shi ne kakarta da rumbu. Duk shekarar da aka yi wa rumbu sabon yaɓe, tsohuwar takan dama jar ƙasa a sakaina ɗaya, farar toka a wata, ta tsoma yatsa ta bi bango. Layinta yakan fara da kauri ya ƙare siriri, ya karya kamar tafiyar zabuwa, ya dawo ya kewaye ɗigo. Ba ta taɓa cewa ga ma'anarsa ba, ba wanda kuma ya tambaye ta. Léontine ce mai riƙe sakaina, iyakar karatun ke nan.

Sai aka zo shekarar da hukuma ta ce mutanen dutse su sauko fili su noma auduga. Suka sauko. Tsohuwa ba ta daɗe a fili ba, ta rasu. Rumbunan da aka bari a sama kuwa, ruwan sama ya yi ta lasarsu har suka koma ƙasar da aka ɗebo su.

Mahaifinta Théodore ya kawo ta Garwa, ya ajiye ta wurin ƙanwarsa a unguwar Pumpumre, ta shiga lakwal, wato makarantar boko ta 'yan mishan, wadda ake kira misiyon. Ba ta yi fice a lissafi ba, Faransanci ma da ƙyar. Amma akwai wata maser, wato sistar coci, mai suna Agnès, wadda ke da ɗaki a bayan coci inda take koya wa 'yan mata ɗinki da zane da buga ado a kan yadi. Ita ce ta lura da gefen allon Léontine, inda alli ya fi aiki fiye da tsakiya. Ta ce ta riƙa zuwa ɗakin nan bayan an tashi. Da ta gama lakwal kuwa sai ta zama 'yar ɗakin gaba ɗaya.

A nan Léontine ta kama gwaje-gwaje, kamar mai neman abin da ya faɗa mata a rijiya. Maser ta nuna musu yadda ake sassaƙa hatimi a tsoma a launi a danna wa yadi. Sauran 'yan mata suka tsaya kan fure da tauraro. Ita kuwa babu abin da ba ta danna ba: ɓallin ƙwarya, totuwar masara, ƙwallon goruba da aka raba biyu, ƙayar kifin da masunta suka yar a bakin Binuwai, har ƙafar kaza. Launin kanti yana da wuyar samu, don haka ta koma ga abin da ke hannu. Ta jiƙa goro, ta dafa karan dafi, ta daka gangamau, ta zuba tsofaffin ƙusoshi a ruwan bagaruwa har ya yi baƙi. Gwaggonta ta gaji da neman tukwanenta, ta ce ita dai ba ta san ranar da za ta ci tuwo shuɗi ba.

Yawancinsu ba su zauna ba. Gangamau ya ga rana ya gudu. Karan dafi ya ga ruwa ya malale ya ɓata na kusa da shi. Ruwan ƙusa ya kama, amma bayan ɗan lokaci ya cinye yadin, ya bar huji daidai siffar adon. Maser Agnès takan ɗaga ƙyallen ta leƙa ta cikin hujin, ta ce, "Launin da ba ya jure sabulu baƙo ne, Léontine. Nemo ɗan gida."

Ta kuma gwada guntayen kyandir na coci, ta narka ta zuba a yadi don ya hana launi shiga. Ya hana ɗin. Sai dai ba a tsoma yatsa a tafasasshen kyandir, da tsinke ake ɗiba, layin tsinke kuwa ba layin kakarta ba ne. Wannan ne ya dame ta fiye da komai, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan dangar gidan gwaggonta akwai gidan wani tsohon marini, Baba Ishaku, Bahaushe haifaffen Garwa, wanda kakanninsa suka zo da sana'ar daga yamma. Matarsa Inna Saudatu ita ke yin ƙulli: ta ɗaure yadi da zare nan da can, a kai marina a rina, in an kwance sai ado ya fito fari. Tana kuma da wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, wadda mijin yake zubo mata ruwan baba, wato na shuni, a ciki don rinin zare. Wata rana ta leƙo ta kan danga ta ga tsummokaran da aka shanya.

"Ke 'yar dutse, wannan wanki ne ko jinya?"

"Karatu ne, Inna."

"Karatu? To Allah ya ba malamarku haƙuri. Zagayo in gani."

Ta zagaya, daga ranar kuma ba ta daina zagayawa ba. Inna Saudatu ce ta ce Léontine ya yi wa bakinta nisa, ta mai da shi Lanti. Ba ta da 'ya mace a gabanta, duk sun yi aure sun bi mazansu Ngaundere da Marwa.

Ranar da abin ya samu, Inna tana dama sitacin rogo ne don hular Baba. Léontine ta lakata da yatsa, ta ja layi a kan wani farin tsumma, don wasa kawai. Ya bushe a rana. Ta tsoma shi a tukunyar baba ta fitar da sauri. Tsumman ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonta. Da ta wanke sitacin, sai ga layi fari fat, mai kauri a farko siriri a ƙarshe, har da tambarin fatar yatsa a inda ta fara dannawa. Ta daɗe tana kallonsa. Inna ta yi mata magana ba ta ji ba.

Daga nan ta san halin abin. Sitaci yana tsare yadi, amma na ɗan lokaci. A tsoma a fitar, a bari ya sha iska ya bushe, a ƙara sau ɗaya in ana so, shi ke nan. In aka bar shi ya jiƙa, sai ya narke, baba ya shige ko'ina. Saboda haka launin ba ya wuce na sararin sama da hantsi. Ita kuwa hakan ya yi mata.

A cikin bazarar wata shekara Maser Agnès ta tara su ta ce wani jami'i zai zo daga Yawunde, zai duba aikin 'yan arewa ya zaɓi wadda za a kai makarantar zane ta kudu. Konkur ne, in ji ta, wato gasa. Kowace za ta kawo cikakken turmi guda da ta yi wa ado da hannunta. Ta ba kowace alawayyo fari. Da sauran suka fita, ta riƙe Léontine ta gaya mata cewa makarantar tana da iyakar shekaru, ita kuma tana bakin iyakar. Bana ne kawai.

Théodore ya shigo gari ran kasuwa, ya ji bayani yana zaune a kan buhunsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya ce ciwon baya ya kama uwarta, ba ta iya sunkuyawa, gonar auduga kuma ba ta san uzuri ba.

"In sun ɗauke ki, ki tafi, zan san yadda na yi," ya ce. "In ba su ɗauke ki ba, ruwan farko ya same ki a gida."

"To, Baba."

"Ba fushi nake ba."

"Na sani."

Ta shimfiɗa alawayyon a barandar misiyon, inda akwai inuwa, ta fara daga wannan baki. Kullum da safe takan dama sabon sitaci, ta durƙusa, ta yi ta ja har zafi ya kore ta. Ba ta zana komai a takarda tukuna ba, hannun ne ya tuna. Tafiyar zabuwa ta dawo, da ɗigon da ake kewayewa, da wasu layukan da ba ta san tana riƙe da su ba sai da ta gan su a ƙasa. A tsakani ta sa nata: ƙayar kifi, da totuwa, da ƙwallon goruba. Makonni ta yi a haka, fatar yatsarta ta saɓule ta warke. Maser takan zo ta tsaya a kanta, ta tafi ba ta ce komai ba, wanda a wurinta babban yabo ne.

Sai da aka kusa zuwan baƙo aikin ya ƙare. A nan ne kuma ta ga abin da ya kamata ta gani tun farko. Turmi guda da ya sandare da sitaci ba zai shiga tukunyar Inna ba, sai an cukuikuye shi, in an cukuikuye kuma sitacin ya farfashe. Sai karofi, ramin rini mai zurfi da faɗin baki, irin na marina.

Marinar tana can wajen kogi. A da, an ce, in ka doso ta daga nesa warin baba ne ke yi maka maraba. Amma tun da aka kafa masaƙar zamani a gari, atamfa mai launi ta cika kasuwa, ramuka da yawa aka rufe su da kwando aka tafi. Tsofaffi kaɗan suka rage. A cikin abin da suka riƙe kuwa har da wannan: mace ba ta taka marina.

Léontine ta sami Baba Ishaku a zaure bayan la'asar. Siririn tsoho ne, hannuwansa shuɗaye har gwiwa, irin shuɗin da ba ya fita sai a kabari. Ta durƙusa ta gaishe shi, ita da Inna suka warware masa bakin yadin. Ya kawo shi kusa da fuska sosai, sannan ya bi shi da yatsu.

"Saudatu, 'yarki tuwo ta shafa wa yadin mutane?"

"Ado ne, Malam. Ka saurare ta."

"Baba," in ji Léontine, "tsomawa kaɗan yake so. A sa a fitar, kada ya jiƙa. In ya jiƙa wannan abin zai narke. Launin sama ya isa."

"Launin sama."

"I, Baba. Gaban wani babban mutum za a kai shi, daga Yawunde."

"Daga Yawunde," ya maimaita, ya gyara zama. "To."

"Ko zan bi ka, in tsaya daga nesa? Ba zan matso ba."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Lanti, Innar nan taki da kike gani, tun tana da haƙora take gidana, ba ta san inda ramina yake ba. Ruwan baba rai gare shi, yana da abin da ba ya so. Haka muka tarar."

"Ko daga bakin hanya?"

"In ramin wani ya mutu gobe, wa za a ce ya jawo? Zauna wurin uwarki. Na ji, ai na ce to."

Ta duba Inna, Inna ta kau da kai. Babu sauran magana. Washegari da sassafe ta ga bayansa ya nufi kogi, yadin a naɗe a kafaɗarsa kamar tabarma.

Aikin da ta ƙiyasta ba zai kai azahar ba. Azahar ta yi bai dawo da shi ba. Da yamma ya shigo hannu wofi, ya ce yana shan iska, ya wuce alwala. Ta so ta tambaya, ta ga ba a tare tsoho da tambaya a ƙofar gidansa. Washegari ma haka. Ta wuni a tsakar gidan Inna tana taya ta ƙulli, tana ɗaure wuri ɗaya sau biyu. Can da rana ta karkata, iska ta kawo musu ƙarar bugu daga wajen kogi, dum, dum, irin yadda mabuga ke dukan rinannen yadi a kan gungume don ya yi sheƙi. An kwana biyu ba a ji wannan ƙarar a unguwa ba. Hannun Inna Saudatu ya tsaya a kan zare. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba.

Ya shigo kafin magariba, fuskarsa a sake, da ƙunshi a hammata. An naɗe shi cikin takarda an ɗaure da zare, kamar yadda ake naɗe rawanin manya. Ya zauna a tabarma ya kira su.

"Na yi yadda kika ce da farko," ya ce yana kwance zaren. "Na tsoma na fitar. Sai ga abu fari-fari kamar ruwan wanki. Muntaka da ke ramin kusa da ni ya leƙo ya ce, Ishaku, raminka ne ya mutu ko kai ne? Duk suka sa dariya. Ni dariyarsu ba ta dame ni ba. Na ce a raina, yarinyar nan kunya ta sa ta ce kaɗan, ba ta so ta wahalar da ni. Abin da za a shimfiɗa gaban mutumin Yawunde, a tambaya wa ya rina, a ce Ishaku? Na mai da shi. Na bar shi ya sha sosai. Rabon da in yi wa wani irin wannan rini tun kafin a kafa injin nan."

Ya warware. Yadin ya zubo a kan tabarma, baƙi wuluk, yana walƙiya ja-ja kamar wuyan tantabara. Ko a gidan sarauta ba a raina shi. Daga wannan baki zuwa wancan babu ɗigon fari ko ɗaya.

"Tuwon nan ma duk na wanke miki shi tas," ya ce. "Kada ki yi zancen lada, ba na karɓa. Zanen ya fito da kyau ko? Idon nan nawa ya daina rarrabe ƙananan abubuwa."

Sai a lokacin ta dubi idanunsa sosai, ta ga farin da ya rufe su kamar an ɗiga nono a ruwa. Shekaru take gaishe shi kai a sunkuye, yadda ake gai da manya.

"Ya fito, Baba," in ji Léontine. "Na gode. Allah ya ƙara girma."

"Madalla. Ki ce musu aikin Garwa ne."

A bayan ɗaki, kusa da tukunyar baba, Inna ta riƙe mata hannu. "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. In kin ce in gaya masa, yanzu zan gaya masa."

"In kin gaya masa, zai dawo?"

"Ba zai dawo ba."

"To bar shi, Inna."

Maser Agnès ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe hannun riga, su biyu suka kai yadin bakin famfo suka yi ta saɓa shi da sabulu. Ruwa ya yi ta zuba shuɗi, hannuwansu suka rine, sheƙin ya tafi, baƙin bai motsa ba. Rinin gwani ne. Sabon alawayyo kuwa, ko da an samu, babu makonnin da za a durƙusa a kansa, baƙo ya riga ya sauka a gari.

Mutumin Yawunde ba mugu ba ne. Gajiyayyen mutum ne mai tabarau, zafin Garwa ya jiƙa masa riga, yana ta fifita da hularsa. Ya bi yadukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na Léontine ya tsaya, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ce bai taɓa ganin rini mai zurfin wannan ba. Sannan ya tambaya ina adon.

Ta ɗauki bakin yadin ta kai ƙofa, ta karkata shi ga rana. In an ƙura ido, akwai wani abu a ciki, kamar sawun da aka taka a rairayi iska ta bi ta kai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce yana jin akwai wani abu, amma ba zai iya cewa ya gani ba. Maser ta miƙa masa tsummokaran gwaji na tukunyar Inna. Waɗannan ya daɗe a kansu, har ya bi layi ɗaya da yatsarsa.

"Ta sake yi baɗi," ya ce. "Zan tuna da ita."

Maser ta gaya masa shekarunta. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu. An aiko shi ne ya koma da turmi, waɗanda za su duba a can ba su san tsumma ba, ba shi ne kuma ya yanka iyakar shekaru ba. Aka ɗauki wata yarinya mai suna Simone, wadda ta yi furanni ja masu tsabta. Léontine ta taya ta murna, da gaske kuma, don Simone ta sha raba mata abincinta.

Kafin ta bar gari ta je sallama. Baba Ishaku ya tambaya ko babban mutumin ya gani.

"Ya gani, Baba. Ya ce bai taɓa ganin rini irinsa ba."

"Ai na gaya miki. To me ya hana su ɗauke ki?"

"Shekaruna sun wuce."

"Shekaru," ya ce, ya girgiza kai. "Mutanen takarda ke nan. Su ga aiki su tsaya tambayar ranar haihuwa. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ta ce amin. Ruwan farko ya same ta a gida, kamar yadda aka yi alkawari.

Sauran rayuwarta irin ta kowa ce. Ta noma auduga har ƙannenta suka tasa. Ta auri wani mai gyaran keke, mutumin kirki, suka dawo Garwa, ta haihu, ta binne ɗaya, ta kama rumfa a kasuwa. An mai da Maser Agnès wani gari, ɗakin bayan coci ya zama wurin ajiye kujeru. Baba Ishaku ya makance sarai kafin ya rasu, kuma har ƙarshe in baƙo ya zo zaure yakan ba shi labarin yadin da ya rina aka yaba a gaban mutumin Yawunde. Bayansa ba wanda ya buɗe raminsa. Wata shekara ta bi ta wajen kogi ta ga mata suna zubar da shara a wurin, ba mai hana su. Ta tsaya a bakin wani rami da ya cika da ƙasa, ba ta san ko shi ne ba, ta wuce.

Sau ɗaya ko biyu ta dama sitaci ta ce za ta sake. Amma babu karofi, tukunyar Inna ta fashe, yaro yana kuka, gyaɗa tana jiran suya. Sitacin ya tafi a kan rigar makarantar 'ya'yanta.

Yadin kuwa ta raba shi, ta yi zani da mayafi. Shi take ɗaurawa ran Lahadi, da ranar biki, da ranar jana'iza, don ba ta da wanda ya fi shi. Shekarun farko yakan bar mata shuɗi a ƙugu. Ta yi ta wanke shi a Binuwai, rana ta yi ta cinsa, baƙin ya sassauta a hankali, yadda ba mai lura.

Wata safiya, bayan shekaru fiye da goma, ta shanya shi a kan rairayin bakin kogi ta koma ɗauraye sauran kaya. Da ta juyo ta hango shi daga nesa, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Zanin ya koma shuɗi mai duhu, a cikinsa kuma ga layuka masu haske sun taso, daga wannan baki zuwa wancan. Inda sitaci ya tsare yadin a tsomin farko, baba bai kama da ƙarfi kamar sauran wurare ba, shi ya fara saki. Ga tafiyar zabuwa, ga ɗigon da aka kewaye, ga ƙayar kifi. Ba fari fat ba, amma ko yaro zai gani.

Ta naɗe shi da ɗanyensa ta kai wa Inna Saudatu, wadda a lokacin ba ta iya fita sai dai a fitar da ita inuwa. Tsohuwar ta shimfiɗa shi a cinya ta yi ta kallo.

"Ashe yana ciki," ta ce.

"Yana ciki, Inna."

"Wa za ki nuna wa?"

Léontine ta yi tunani. Ba ta san sunan mutumin Yawunde ba, ba ta san garin da Maser take ba, mahaifinta da mahaifiyarta kuma duk sun rasu.

"Ga shi na nuna miki."

"To ki daina wanke shi haka nan. Abin da ya fito da shi, shi zai tafi da shi. In kika ci gaba, duk zai koɗe ya zama ɗaya."

"Na sani. Sai dai ba ni da wani na zuwa coci."

Inna ta ci gaba da shafa layin nan mai kauri a farko siriri a ƙarshe. Suka zauna haka har inuwa ta matsa. Sannan Léontine ta karɓi zaninta, ta ce bari ta je, ta bar rumfa a hannun maƙwabciya tun safe.

Ran Lahadi ta ɗaura shi ta tafi coci. Wata mata a bayanta ta taɓa gefensa ta tambaya a wane kanti ake samun irin wannan atamfa. Ta ce an daina yi.